Yadda Ake Auna Ƙoƙon Kan Ɗan Adam da Yadda Ake Karanta Sakamakon

Mai sayar da hula a unguwar Aboabo ko a kasuwar Kejetiya da ke Kumasi yana yin mafi sauƙin nau'in wannan aiki kullum: ya zagaya tef a kan mutum, ya ce 22 ne ko 22 da rabi, wato inci 22, wanda ya kusa santimita 56. Ilimin awon ƙoƙon kai yana farawa da irin wannan lamba, amma ba ya tsayawa a kanta, domin yana son sanin tsawon kai da faɗinsa da tsayinsa, da girman ramin da ƙwaƙwalwa take zaune a ciki, da yadda waɗannan ma'aunai suke dangantaka da juna. Wannan bayani na ƙannenmu ne 'yan Zango da suke karatun likita ko ilimin sassan jiki a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, da masu koyon jinya da ungozoma a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, da duk wanda aikinsa zai kai shi ga auna kan jariri ko na babba ko busasshen ƙashi a ɗakin gwaji.

Ƙoƙon kai ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙasusuwa 22 ne, 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 kuma sun gina fuska, kuma in ban da muƙamuƙin ƙasa da yake motsi, sauran a haɗe suke ta wasu layuka masu zigzag da ake gani a busasshen ƙashi kamar ɗinki. A jikin jariri waɗannan mahaɗai ba su gama rufewa ba, shi ya sa ake samun maɗiga a tsakar kansa, wadda takan rufe tsakanin wata 12 da wata 18 ga yawancin yara, yayin da ƙaramar ta wajen ƙeya take rufewa tun cikin watanni biyu ko uku na farko. Wanda bai riƙe wannan tsari a ransa ba zai riƙa ɗora ma'auni a inda ya ga dama, kuma lambar da aka samu ta haka ba ta da amfani ga kowa.

Izini kafin ma'auni

Ba a taɓa ƙashin mutum sai da izini, kuma a Kumasi wannan ba maganar ladabi kaɗai ba ce. Wanda aka kama da ƙoƙon kan mutum a jaka ba wanda zai tsaya jin cewa ɗalibi ne, domin tunanin jama'a zai tafi ne ga masu tsafin kuɗi, kuma 'yan sanda ne za su yi masa tambayar da ta rage. Ƙasusuwan koyarwa suna zama a sashen ilimin sassan jiki, a nan ake auna su ƙarƙashin idon malami, a nan kuma ake barin su. Idan masu haƙar harsashin gini ko masu neman zinariya suka tono ƙashi, abin da ya dace shi ne a dakatar da aiki, kada a ɗaga komai daga inda yake, a sanar da 'yan sanda, idan kuma ya bayyana cewa tsohon kabari ne na tarihi, maganar ta koma hannun Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Gana. Musulmi yana da ƙarin dalili, saboda hadisin da aka ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Ga mai rai kuwa, a tuna cewa kai ba wurin da ake kai hannu haka nan ba ne a wurinmu. Dattijo ba a cire masa hula, ana roƙonsa ne: "Baba, don Allah a ɗan cire hular, zan auna kai, ba zai ɗauki lokaci ba." Mace kuma ya fi kyau mace 'yar'uwarta ta auna ta a bayan labule, a kuma gaya mata tun da wuri cewa sai an kwance ɗankwali, domin tudun kitso a ƙeya yana iya ƙara santimita guda ko fiye a kan gaskiyar lamba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tef wanda ba ya miƙewa, na takarda ko na roba mai ƙarfi, ba tsohon tef ɗin tela da ya sha ja ba. Akwai ma'auni mai lanƙwasassun ƙafafu biyu, mai siffar awartakin maƙeri, wanda ake buɗewa ya rungumi kai daga gefe zuwa gefe, da sandar lambobi a tsakaninsa. Akwai kuma ma'auni mai zamewa a kan miƙaƙƙiyar sanda, irin wanda makanikai suke amfani da shi a Suame Magazin, wanda ake auna gajerun wurare da shi kamar hanci da kwarmin ido. Sai gammo na tsumma ko 'yar jakar yashi da za a ɗora ƙashin a kai don kada ya mirgina, da fensir da takarda. Kafin a fara, a rufe ma'aunin a tabbatar yana nuna sifiri, sa'an nan a gwada shi a jikin rula.

Busasshen ƙoƙo ana ɗaukarsa da hannu biyu, tafin hannu ɗaya a ƙarƙashi. Ba a zura yatsu a kwarmin ido, domin bangon cikinsa siriri ne ƙwarai, ba a kuma riƙe shi ta gadar ƙashin kumatu, ba a kife shi a kan haƙoransa.

Wuraren da ake ɗora ma'auni

Asalin wannan sana'a shi ne kowa ya auna daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya, ta yadda lambar da aka samu a Kumasi za a iya ajiye ta kusa da wadda aka samu a Kano ko a Landan. Saboda haka masana suka yi ittifaƙi a birnin Farankfot na Jamus a shekarun 1880 a kan yadda za a daidaita kai kafin awo: layin da ya taso daga saman ramin kunne zuwa ƙasan kwarmin ido ya kwanta daidai, ba ya kallon sama ba ya kallon ƙasa. Ga mai rai, wannan yana nufin ya zauna a miƙe yana duban gabansa kai tsaye, kuma mai awo ya duba shi ta gefe ya gyara masa haɓa idan ta ɗaga.

Tsawon kai ana ɗaukarsa ne daga gilabela, wato ɗan tudun da yake tsakanin gira biyu a saman karan hanci, zuwa wuri mafi nisa a ƙeya. A dafa ƙafar ma'auni ɗaya a kan gilabela da yatsun hannun hagu kada ta motsa, sa'an nan a riƙa zame ɗaya ƙafar sama da ƙasa a tsakiyar ƙeya ana kallon lambobi, inda lamba ta kai ƙarshen hawanta ta fara saukowa, nan ne wurin. Sababbin ɗalibai sukan yi kuskuren tsayawa a kan ƙullutun ƙashin da ake ji a ƙasan ƙeya, alhali wuri mafi nisa yakan kasance sama da shi kaɗan. Ba ido ne yake zaɓar wurin ba, ma'auni ne yake nuna shi.

Faɗin kai ma haka ake nemansa. A tsaya a bayan mutum ko a saman ƙashin, a ɗora ƙafafun biyu a gefen kai sama da kunnuwa, a riƙa zagayawa da su a hankali gaba da baya, sama da ƙasa, har a sami lamba mafi girma. Sharaɗin shi ne ƙafafun su kasance a tsayi ɗaya kuma suna fuskantar juna, domin idan ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya, an auna karkace ke nan, kuma lambar za ta fi gaskiya yawa. A busasshen ƙashi a kula kada ƙafar ma'auni ta sauka a kan tudun da yake bayan kunne ko a leɓen ƙashin da ya ɗan ɗaga saboda tsufa. A kan mai rai kuma a matsa daidai yadda ƙarfen zai ratsa gashi ya taɓa fata, ba tare da ya lotsa ta ba.

Tsayin ƙoƙo ba ya samuwa sai a busasshen ƙashi ko a hoton na'ura, domin ana auna shi ne daga basiyon, bakin gaba na babban ramin da laka take bi ta sauka cikin ƙashin baya, zuwa biregma, wurin da ɗinkin da ya ratsa kai daga kunne zuwa kunne ya haɗu da wanda ya bi tsakiya zuwa ƙeya. Nan ne maɗigar jariri take kafin ta rufe. Faɗin fuska ana ɗaukarsa daga gadar kumatu zuwa 'yar'uwarta, hanci kuma da ma'auni mai zamewa, faɗin raminsa da tsayinsa.

Kowace lamba a rubuta ta da milimita nan take, kafin a ajiye ma'aunin, kuma ya fi kyau mutum biyu su yi aikin, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ɗaya yana rubutawa yana maimaitawa. Shawarata ita ce a sake awon gaba ɗaya wata rana dabam ba tare da duba na farko ba, kuma duk inda bambanci ya wuce milimita 2, a koma a gano dalili. Idan ƙashi ya karye a wurin da ake bukata, a bar gurbin babu komai a takarda, kada a cike shi da kintace.

Lissafin siffar kai

Lambar da aka fi sani a wannan fanni ita ce wadda Anders Retzius, malamin ilimin sassan jiki ɗan ƙasar Suwidin, ya fito da ita a shekarun 1840. A raba faɗi da tsawo, a ninka da 100. Ƙoƙon da tsawonsa milimita 190 ne, faɗinsa 145, lambarsa 76.3. A busasshen ƙashi, abin da ya gaza 75 ana kiransa dogon kai, daga 75 zuwa 79.9 matsakaici, daga 80 zuwa sama kuma faffaɗan kai. A kan mai rai lambar takan ɗan ɗara saboda tsoka da fata, don haka ba a haɗa awon rayayyu da na busassun ƙasusuwa a jadawali ɗaya.

Ya kamata ɗalibi ya ga yadda waɗannan iyakoki suke da rauni. Ƙoƙo mai tsawon 184 da faɗin 138 yana ba da 75.0, matsakaici ke nan. Idan hannun mai awo ya ɗan matsa ya karanta 137, lambar ta koma 74.5, kuma ƙashin nan guda ya tashi daga wani rukuni ya faɗa wani saboda milimita ɗaya. Mutane ne suka ja waɗannan layuka don sauƙin magana, babu wani shinge a halitta a kan 75 ko 80. Saboda haka a rahoto a rubuta ainihin lambar, sunan rukuni ya biyo baya idan ana bukatarsa.

Girman cikin ƙoƙo kuwa, tsohuwar hanyar auna shi ita ce a toshe ƙananan ramuka da auduga, a kifa ƙashin a kan gammo, a zuba gero ta babban ramin da mazurari ana ɗan girgizawa har ya cika, sa'an nan a juye geron cikin kwalbar awo mai lambobi. Ga yawancin manya sakamakon yana faɗawa tsakanin santimita kubik 1,200 da 1,500. Matsalar hanyar ita ce yawan girgizawa yana canza sakamako, domin geron da aka danna ya fi wanda aka zuba sakaka shiga, don haka a yi sau uku da hannu iri ɗaya a ɗauki matsakaici. Ba a yin wannan da ƙashi mai rauni, kuma a yau hoton na'urar sikan ta asibiti ya ɗauke wa masu bincike wannan wahala.

Kan jariri

Mafi yawan masu karanta wannan ba za su taɓa riƙe busasshen ƙoƙo bayan shekarar farko ta karatu ba, amma za su auna kan ɗaruruwan yara a ranar awo, kuma a nan ne wannan ilimi yake ceton rai. A ɗora tef sama da gira kaɗan, a bi da shi sama da kunnuwa, a zagaya ta wuri mafi tudu a ƙeya, a ja shi ya kwantar da gashi, a karanta har zuwa ɗigon milimita. A yi sau uku a ɗauki mafi girma. Idan yaro yana kuka yana fizge-fizge, a ce wa uwar, "Maman yaro, rungume shi a ƙirji, ki juyo da fuskarsa gefe," a jira ya lafa. Kan jaririn da aka haifa yanzu yakan matse ya yi tsini saboda hanyar haihuwa, don haka a sake awon bayan kwana ɗaya.

Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin kewayen kai a ranar haihuwa kusan santimita 34.5 ne ga namiji, 33.9 ga mace, kuma a shekara ɗaya yakan kai wajen 46 da 45. Girman ya fi sauri a farko, kimanin santimita 2 a wata cikin watanni uku na farko, sa'an nan ya ragu. Lamba ɗaya ba ta cika faɗin komai ba, domin akwai gidajen da manyan kawuna gado ne. Abin da ake kallo shi ne layin da ɗigogin awo suke ja a jadawalin girman yaro wata bayan wata: kan da yake tsallake layuka yana hawa da sauri yana iya nuna taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wanda ya tsaya cak kuma yana iya nuna ƙwaƙwalwa ba ta girma yadda ya kamata. Maɗigar da ta faɗa ciki alamar ƙarancin ruwa ce a jiki, musamman bayan gudawa, wadda ta kumbura kuma yaron yana kwance shiru ba kuka yake ba, ta gaggawa ce. Dukansu biyu na likita ne, ba na shafa magani a tsakar kai ba. Haka nan idan ɗinkin tsakiya ya rufe kafin lokacinsa, kai yakan yi tsawo ya tsuke, kuma lissafin Retzius yana daga abin da likitocin tiyata suke bin sakamakon aikinsu da shi.

Abin da lamba ba ta faɗa

Wannan fanni yana da tarihin da bai kamata ɗalibi Baƙar fata ya jahilta ba. Samuel George Morton na Filadelfiya a Amurka ya tara ɗaruruwan ƙoƙuna, ya auna cikinsu da ƙwayoyin iri, daga baya da ƙwayoyin dalma, ya kuma jera jinsunan mutane tun daga 1839 da Turawa a sama, 'yan Afirka a ƙasa, kuma masu kare bauta sun yi amfani da aikinsa. A Faransa, Paul Broca, wanda ya kafa ƙungiyar nazarin ɗan Adam ta Faris a 1859 kuma ya ƙera da yawa daga kayan awon, ya bi irin wannan tunani. Amma tun a zamanin an ƙalubalance su. Friedrich Tiedemann na Jamus ya cika ƙoƙuna da gero a 1836 ya nuna cewa na 'yan Afirka da na Turawa suna shiga cikin juna a girma, Anténor Firmin ɗan ƙasar Haiti kuma ya rushe hujjojin masu fifita jinsi a 1885 yana zaune a Faris ɗin kanta. Daga baya Franz Boas ya auna kusan mutum 18,000 daga baƙin da suka yi ƙaura zuwa Niyok da 'ya'yansu, ya nuna a 1912 cewa siffar kan yaran da aka haifa a Amurka ta ɗan bambanta da ta 'yan'uwansu da aka haifa a Turai, alhali ana ɗaukar lambar a matsayin tambarin jinsi da ba ya canzawa. Gidan tarihin Jami'ar Fensilbaniya, inda tarin Morton ya ƙare, ya nemi afuwa a 2021. Mu ma a Gana mun ga irin wannan riƙe kawunan mutane: kan Badu Bonsu na Biyu, sarkin Ahanta da Holandawa suka kashe a 1838, ya zauna a birnin Laiden na ƙasar Holand har sai 2009 aka dawo da shi.

Abin da awon zamani ya nuna ya saɓa wa waɗancan jerin. William Howells ya auna ƙoƙuna 2,524 daga al'ummomi 28, har da Dogon na Mali da Zulu na Afirka ta Kudu, kuma binciken da John Relethford ya yi a kan waɗannan lambobi ya nuna cewa sama da kashi 80 cikin 100 na bambancin yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Girman kai yana bin girman jiki da yanayin ƙasa, faɗin hanci ma yana da alaƙa da zafi da laimar iska. Mutanen Niyandatal, wani tsohon nau'in ɗan Adam da ya shuɗe, suna da ƙoƙon da ya kai namu girma ko ya fi. Don haka duk wanda ya auna kawunan ajinsu da niyyar gano wa ya fi basira, ko ya bambanta Bahaushe da Ba'ashante da Bagwanje ta lamba ɗaya, ya ɗora wa ma'auni abin da ba zai iya ɗauka ba.

Inda awon yake da amfani na gaskiya shi ne inda aka haɗa ma'aunai da yawa da sauran shaidu. Mai binciken gawar da ba a san mai ita ba yana duba tudun gira, da kaurin ƙashin bayan kunne, da siffar haɓa, da tudun ƙeya, da kaifin leɓen kwarmin ido, ya ba kowanne maki daga 1 zuwa 5 don kintata namiji ne ko mace, amma idan ƙashin ƙugu yana nan, shi ya fi abin dogaro. Shekaru kuma haƙora sun fi ɗinkin kai faɗin gaskiya, musamman ga yara, tunda turmin farko na dindindin yakan fito wajen shekara 6, na biyu wajen 12. Manhajojin kwamfuta da suke kintata asalin mutum daga lambobi suna kwatanta shi ne da samfuran da aka zuba musu kawai, kuma za su ba da amsa ko da babu mutanen yankinsa a cikinsu, saboda haka kafin a yarda da sakamakon ƙashin da aka samu a Asante, a tambaya su waye aka kwatanta shi da su.

A binciken tarihi ma haka ne. Thurstan Shaw, wanda ya koyar a kwalejin Achimota ta Gana kuma ya haƙa kogon Bosumpra a Abetifi a shekarun 1940, shi ne ya tono ƙoƙon Iwo Eleru kusa da Akure a Najeriya a 1965. An kiyasta shekarunsa da kusan 13,000, kuma da aka sake auna shi da na'urori a 2011 aka ga dogo ne mai kwantaccen sama, siffar da ta fi kama da ta mutanen da suka girme shi da dubban shekaru masu yawa. A Gobero cikin hamadar Nijar, awon ƙoƙuna na daga abin da aka kafa hujja da shi wajen cewa al'ummomi biyu dabam ne suka zauna a bakin tsohon tafkin a zamani biyu. A duka wuraren biyu an iya komawa ga ƙasusuwan ne saboda waɗanda suka tono su sun rubuta inda kowane guntu ya fito, don haka a takardar awo, ban da lambobi, a sa lambar ƙashin da wurin da aka samo shi, da sunan mai awo, da kwanan wata, da irin ma'aunin da aka yi amfani da shi, da ɓangaren da ya karye ko aka manne.